Fitilar mota da ta yi yana: dalili, haɗari da yadda ake gyara ta a gida a ƙauyukan Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

Fitilar gaban mota kan fara dushewa ne sannu a hankali, har mai motar bai cika lura ba. Murfinta da yake garau kamar gilashi sai ya yi fari-fari kamar yanar ido, daga nan ya koma ruwan ɗorawa, ya yi kaushi idan an shafa. A ƙauyukan Hausawa na jihohin Jazira, Sinnar da Nil al-Azrak, wadda kafofin labarai ke kira Blue Nile, matsalar ta fi saurin bayyana saboda zafin rana da ƙura. Ana iya gyara mafi yawan irin waɗannan fitilu a gida da kuɗi kaɗan, da sharaɗin a haɗa abu biyu: a kankare fatar da ta mutu, sannan a sa mata sabuwar kariya daga rana. Wanda ya yi na farko ya bar na biyu, cikin 'yan watanni zai ga fitilarsa ta koma gidan jiya.

Inda ake magana a kai

Hausawa sun daɗe a wannan yanki ta hanyar aikin hajji da fatauci. Yawansu ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Kogin Nilu, kudu da Sinnar. Kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, wadda ke shayar da gonakin Jazira, ta jawo ƙarin manoma da 'yan ƙwadago. A yau akwai unguwanni da ƙauyukan Hausawa tun daga kewayen Wad Madani har Sinja, Damazin da Rusairis, inda ake noma da su da kasuwanci.

Yawancin zirga-zirgar waɗannan garuruwa ta dare ce ko ta asuba. Mai albasa da tumatir yana so ya isa kasuwa kafin rana ta ɗaga, haka ma mai kifi. Motocin da ake hawa su ne akori-kura ƙirar Toyota Hilux da ake kira boksi, ƙananan bas irin su amjad da Hiace, keken hawa mai ƙafa uku da ake kira raksha, da ƙananan motocin Hyundai, waɗanda wasunsu an harhaɗa su ne a masana'antar Giad da ke jihar Jazira. Kan titin Wad Madani zuwa Sinnar da Damazin kuwa, direba yana raba hanya ne da amalanken jaki marar fitila, da garken dabbobi, da masu tafiya a ƙasa.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya ƙara dagula lamarin. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disamban 2023, sojoji suka sake karɓe ta a Janairun 2025. An sace motoci masu yawa, wasu kuma sun yi watanni a ajiye a fili rana na dukansu, kayan gyara sun yi tsada. Don haka ceto fitilar da ake da ita ya fi sauƙi ga iyalai da yawa fiye da neman sabuwa.

Me ya sa take yin rawaya

Tsohuwar babbar motar Bedford, wadda 'yan Sudan ke kira sifinja, fitilarta ta gilashi ce. Tana iya fashewa, amma ba ta yin rawaya ko ta shekara arba'in. Motocin zamani kuwa murfin fitilarsu na wata roba ce mai ƙarfi da ake kira folikabonet, wadda masana kimiyya a kamfanin Bayer na Jamus da General Electric na Amurka suka gano a 1953. Ta fara shiga fitilun motoci a Amurka cikin shekarun 1980, ta bazu a Turai da Asiya cikin shekarun 1990. Ba ta da nauyi, tsakuwa ba ta fasa ta da sauƙi, kuma ana iya ƙera ta a kowace siffa.

Rauninta shi ne hasken rana, musamman ɓangarensa da ido ba ya gani, wanda ake kira UV. Wannan haske yana karya sinadarin robar, sai ta canza launi ta yi ƙananan tsagogi. Saboda haka kamfani kan lulluɓe murfin da wata siririyar fata mai tauri wadda ke tare hasken da kuma karce. Fatar ce ke fara mutuwa. Idan ta tsage ta fara ɓarewa, rana ta samu hanyar kaiwa ga robar da ke ƙasa. Fitilun baya ba su cika yin haka ba domin galibi da wata roba daban ake yin su, akirilik, wadda ta fi jure rana.

Yanayin tsakiyar Sudan yana gaggauta wannan lalacewa. Sinnar tana kusan layi ɗaya da Maraɗi a taswirar duniya, Damazin kuma kusan layi ɗaya da Kano, don haka rana mai ƙarfi ce duk shekara, zafi na wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu. Guguwar ƙura da ake kira habub, wadda kan taso gabanin damina da farkonta, tana yi wa murfin abin da yashi ke yi wa tukunya. Da damina kuma baƙar laka ta Jazira kan manne a jikin fitila ta bushe, yaron mota ya sa busasshen tsumma ya goge, ƙwayoyin yashin da ke cikinta su kakkarce fatar. Abin da hunturu ke yi wa motoci a Zinder, Katsina ko Injamena bai bambanta da wannan ba.

Hasken da ake rasawa

A Disamban 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi kan fitilun motocin da suka kai kimanin shekara 11. Ta gano cewa fitilar da ta dushe tana ba da kashi 22 cikin 100 kacal na hasken sabuwa. Gyara ta hanyar kankarewa, ko a gida ko wurin ƙwararru, ya mayar da hasken zuwa kimanin kashi 70. Sabuwar fitilar da ba ta ainihin kamfanin motar ba ta kai tsakanin kashi 83 zuwa 90, ta asali kuma ta cika 100.

Ga ma'anar wannan a kan hanya. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya ɗauki daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ƙafarsa ta kai birki, ya riga ya ci mita 33 tun motar ba ta fara rage gudu ba. Hasken da ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar yana rage nisan da ido ke hangowa zuwa wajen rabi. Amalanken da ya kamata a gani da sauran tazara, sai an zo dab da shi. Bugu da ƙari, murfi mai kaushi yana watsa haske ta ko'ina, ya dalle idon direban da ke tahowa.

A fara da bincike

Ba kowace fitila ce kankarewa ke yi wa magani ba. Kafin a sayi komai, a wanke murfin a watsa masa ruwa. Idan ya yi garau yayin da yake jiƙe, ya koma dishi-dishi da ya bushe, lalacewar a waje take, kuma za ta gyaru. Idan an ga raɓa ko ɗigon ruwa daga ciki, matsalar ta robar da ke rufe bakin fitilar ce ko ta 'yar kafar da iska ke fita. Sai an busar da cikin an toshe inda ruwa ke shiga. Idan kwanon azurfa da ke bayan ƙwan fitilar ya ƙone ya yi toka-toka, ko kuma murfin ya yi tsagogi masu zurfi kamar saƙar gizo a cikin jikinsa, babu abin da samfefa za ta iya yi, sai dai canji.

A kuma tabbatar roba ce. Ƙwanƙwasa ta da ɗan makulli zai nuna: gilashi yana ƙara tsit-tsit, roba kuwa ƙararta a toshe take. Wasu murafan suna ɗauke da alamar PC a gefensu.

Kayan aiki

Ana buƙatar samfefa mai jure ruwa, wadda ake kira sanfara a kasuwannin Sudan, a ƙasashen da ke amfani da Faransanci kuma papier abrasif à l'eau. Lambar da ke bayanta ita ke nuna laushinta: ƙaramar lamba kaushi, babbar lamba laushi. A samu 600 ko 800, sai 1000, 1500, 2000, da 3000 idan akwai. Sai tef ɗin takarda irin na masu fenti, sabulun wanke kwanuka, tsummoki masu laushi da tsabta, sifirit na kantin magani, man gogewa na jikin mota da ake kira folish, da kuma abu mafi muhimmanci, maganin kariya daga UV. Ana samun waɗannan a shagunan kayan fenti na unguwar makanikai, wadda ake kira mantika sina'iyya a Wad Madani, Sinnar da Damazin.

Ruwa ma kayan aiki ne. Ruwan kogi da na magudanan gonaki yana cike da laka, musamman a Yuli da Agusta lokacin da Shuɗin Nilu ke cika. Ƙwayar yashi ɗaya da ta shiga ƙarƙashin samfefa mai laushi za ta ja layi mai zurfi ta ɓata aikin awa guda. A bar ruwan ya kwana a randa ya kwanta, a tace da ƙyalle. Kada kuma a tsaya cikin magudanar ana aikin, domin magudanan Jazira sanannu ne da cutar tsargiya.

Yadda ake aikin

A zaɓi safiya ko inuwar bishiya, lokacin da murfin ba shi da zafi kuma iska ba ta kaɗawa. A wanke fitilar da sabulu, a tsane ta, a zagaye ta da tef rufi biyu don kare fentin motar. A jiƙa samfefar cikin ruwa kamar minti goma.

Mataki na farko shi ne mafi wahala kuma mafi muhimmanci. A ɗauki lamba 600 idan fitilar ta yi rawaya ƙwarai, ko 800 idan da sauƙi, a riƙa gogawa a miƙe daga hagu zuwa dama, ana zuba ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ruwan da ke gangarowa zai fara fitowa rawaya, wato matacciyar fata ce ke fita. A ci gaba har ya koma fari kamar madara, murfin duka ya yi fari bai ɗaya babu tsibirin tsohuwar fata a kusurwoyi. A wannan gaɓar fitilar za ta fi muni fiye da yadda aka same ta. Haka ya kamata ta kasance.

Daga nan a koma lamba ta gaba, a sauya hannu: wannan karon daga sama zuwa ƙasa. Amfanin sauya hannun shi ne a gane lokacin da layukan samfefar baya suka ɓace gaba ɗaya. Ba a wucewa zuwa lamba ta gaba sai sun ɓace. A wanke murfin da hannu tsakanin kowace lamba. Tsallake lamba don gaggawa shi ne kuskuren da ya fi yawa, domin 2000 ba za ta iya share karcen 600 ba. Fitila ɗaya kan ci tsakanin rabin awa zuwa awa guda da hannu. Mai amfani da injin gogewa ya yi hattara, zafin juyawa yana iya narkar da robar.

Inda za a tsaya ya dogara da irin kariyar da za a sa. Idan banish ɗin mota ne na fesawa, a tsaya a 800 ko 1000, kada a sa folish, domin banish yana buƙatar ɗan kaushi ya kama, shi da kansa zai cike layukan ya fito da sheƙi. Idan kuwa maganin shafawa ne da ke zuwa a ƙaramar kwalba ko a jiƙaƙƙen ƙyalle, a bi umarnin da ke jikin kwalinsa. Yawancinsu suna son a kai 2000 ko 3000. Idan kakin mota kaɗai ake da shi, a kai 3000, a goge da folish har murfin ya yi garau. A kowane hali, kafin a sa kariya a share murfin da sifirit a bar shi ya bushe sarai, kada yatsa ya sake taɓa shi.

Kariyar da ke riƙe aikin

Murfin da aka kankare tsirara yake, ba shi da abin da zai tare masa rana. Akwai hanyoyi huɗu, daga mafi ƙarko zuwa mafi rauni.

Banish ɗin mota mai haɗi biyu, wanda ake gauraya shi da sinadarin daskararwa, shi ya fi daɗewa, yana iya kai shekaru. Sai dai tururinsa guba ne ga huhu, ƙyallen rufe hanci ba ya tare shi. Abin da ya fi dacewa shi ne mai mota ya yi kankarewar a gida, ya kai wa mai fentin mota ya fesa. A fara da siririn feshi a bar shi ya sha iska, domin feshi mai kauri tashi ɗaya yana iya tsattsaga robar. A yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da motar don kada ƙura ta tashi ta manne.

Na biyu ita ce farar leda ta musamman da ake manna wa fitila, mai tare UV da tsakuwa. Na uku shi ne maganin shafawa da ke cikin kwalayen gyaran fitila, wanda a rana irin ta Sudan yana buƙatar sabuntawa lokaci-lokaci. Na huɗu kakin mota ne, wanda sai ana maimaita shi duk bayan 'yan makonni. Bayan an sa banish ko maganin shafawa, a kare fitilar daga ruwa da ƙura aƙalla kwana ɗaya.

Dabarun da ke yawo a tasha

Man goge baki yana ɗauke da ɗan garin gogewa mai laushi, don haka yana iya rage dushewa kaɗan. Ba ya cire fatar da ta mutu da gaske, kuma ba ya barin kariya. Haka ma toka ko bakin-soda da lemon tsami. Man girki, man inji da feshin kwance tsatsa suna cike ramukan ne kawai, fitila ta yi sheƙi na kwana biyu, sannan ta kwashi ƙura.

Waɗanda suka fi haɗari su ne masu narkar da roba. Man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET yana sa fitila ta yi garau nan take, amma kyan ɗan maciji ne: narka saman ya yi, zai yi danƙo ya dushe fiye da da, ya kuma ɓata fenti idan ya gangara. Fetur, tina, asiton da man birki duk suna tsaga folikabonet ko su ƙona ta. Akwai kuma wata 'yar buta da ake zuba sinadari a dumama, a bi murfin da tururinsa. Tana fito da sheƙi, sai dai tururin yana da illa ga mai shaƙa, bai dace a yi shi a tsakar gida inda yara ke wasa ba, kuma ba ya ɗauke buƙatar kankarewa da kariya.

Ƙwai da saiti

Murfi mai tsabta ba zai yi amfani ba idan ƙwan ya gaji. Ƙwan halojin yana rage haske kafin ya mutu, don haka a canza biyun tare, kuma kada a riƙe gilashinsa da yatsa. Motoci da yawa suna amfani da ƙwai samfurin H4 mai wat 60 da 55. Sa ƙwai mai wat 100 don neman ƙarin haske yana ƙona kwano da wayoyi, ya gasa murfin daga ciki. Ƙwan LED da aka cusa cikin fitilar da aka ƙera don halojin kuma sau da yawa watsa haske yake yi a idon mutane.

Saiti ana duba shi da dare. A tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, tayoyi da isasshiyar iska. A auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, a yi alama a bango daidai da wannan tsayi, a kunna ƙaramar wuta. A jikin yawancin fitilu akwai rubutu kamar 1,0% ko 1,2%. Ma'anarsa iyakar hasken ta sama ta sauka santimita 10 ko 12 ƙasa da alamar. Ana gyarawa da kusoshin saiti da ke bayan fitilar. Boksi da aka labta wa buhuna bayansa kan zauna, gabansa ya ɗaga, haskensa ya koma sama; motar da ke da maɓallin sunkuyar da fitila sai a yi amfani da shi.

Idan sai an canza

Mai sayen fitila ta hannu, wadda ake kira Beljiyam a Najeriya, ya duba ƙafafun da ake ɗaure ta da su, da kwanonta, da alamar shigar ruwa. Akwai wani abin da ba a cika lura da shi ba. Sudan, Chadi, Nijar da Najeriya duk a hannun dama ake tuƙi, don haka hasken ƙaramar wuta yana ɗagawa ne ta dama ya haska gefen hanya. Fitilar da aka cire daga motar da aka yi wa kasuwar Japan ko Ingila akasin haka take, tana ɗagawa ta hagu, kai tsaye cikin idon mai tahowa. A sabuwar fitila kuma a nemi alamar harafin E cikin da'ira tare da lamba, wadda ke nuna ta cika ƙa'idar ƙasa da ƙasa.

Kulawar yau da kullum

Abin da zai sa aikin ya daɗe ba shi da tsada. A riƙa ajiye mota a inuwa ko ƙarƙashin rumfa, idan babu a juya gabanta daga rana ko a rufe fitilun da ƙyalle mai tsabta. Bayan habub ko tafiya cikin laka, a fara kwarara ruwa ƙurar ta sauka kafin tsumma ya taɓa murfin. A guji omo mai ƙarfi da soson ƙarfe. A shafa kakin mota lokaci-lokaci, a kuma duba fitilun sau biyu a shekara, kafin faɗuwar damina da kuma kafin kaka, lokacin da tafiyar dare da kayan gona ke yawaita.